Ɗawainiyar Kula da Manhajojin Kimiyya a Rumbun Debian

Debian, tsarin sarrafa kwamfuta da Ian Murdock ya kafa a 1993, yana hannun 'yan sa-kai da ke warwatse a ƙasashe da dama, kuma rumbunsa, wato ma'ajiyar da jama'a ke ɗauko manhajoji daga cikinta, ya tara manhajojin binciken kimiyya masu ɗimbin yawa. Ƙungiyoyi irin su Debian Med, wadda Andreas Tille ya assasa a 2002 domin manhajojin likitanci da ilimin halittu, da Debian Science da Debian Astro, su ne ke ɗauke da nauyin wannan fanni.

Aikin farko shi ne mayar da manhaja ƙunshi, ma'ana a shirya ta yadda kowa zai girka ta da umarni guda tare da duk abin da take dogara da shi. Manazarci yakan rubuta manhajarsa ne daidai da kwamfutar ɗakin bincikensa, ya cusa kwafin ayyukan wasu a ciki, wani lokaci ba tare da bayyana lasisi ba. Mai haɗa ƙunshi sai ya tsefe wannan duka, ya jera manhajojin da ake buƙata a fayil ɗin debian/control, sannan ya bi rubutun fayil bayan fayil ya rubuta mai haƙƙin kowanne a debian/copyright. Lasisin da ya ce "don binciken jami'a kawai" ba ya samun shiga babban sashen rumbun, domin ƙa'idojin Debian na 1997 sun hana a ware wani fannin aiki a haramta masa amfani da manhaja.

Sai dai wahalar gaske tana zuwa ne bayan an shigar da ƙunshin. Ɗalibin da ya rubuta manhajar yakan kammala digirinsa ya kama wani aiki, kuɗin tallafin bincike ya ƙare, alhali harsunan kwamfuta da manhajar ta dogara da su ba sa daina sauyawa. Da aka daina tallafa wa Python 2 a Janairun 2020, dole aka sake fasalin manhajoji masu yawa ko aka cire su. A shekarar ce kuma GCC 10, manhajar da ke fassara rubutun shirye-shirye zuwa harshen na'ura, ya fara ƙin karɓar wasu kurakuran tsohon rubutun harshen Fortran da aka shafe shekaru ana kau da kai daga gare su. Saboda haka ne ake kula da ƙunsoshin a ƙungiyance a dandalin Salsa na Debian, inda kowane mamba ke iya gyara abin da wani ya bari, tare da gwaje-gwaje masu gudana da kansu duk lokacin da wani abu ya sauya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Masu suka suna cewa Debian na fitar da tsayayyen bugu ne kusan duk shekara biyu, don haka manazarta da yawa suka koma Conda, wani tsarin girka manhajoji na daban, domin samun sabon abu da wuri. Ƙorafin yana da tushe, amma sakamakon bincike ba ya tabbata sai wani ya iya maimaita lissafin bayan shekaru, kuma hakan ba ya yiwuwa idan manhajar ta daina aiki. Jami'o'i suna ƙirga muƙalu wajen ƙarin girma, ba sa ƙirga wannan ɗawainiya. Ya wajaba cibiyoyin bincike da masu ba da tallafi su ɗauki kula da manhaja a matsayin aikin kimiyya, su kuma ware masa kuɗi da ma'aikata.