Daga Shaharzada Zuwa Aku: Rabon Mata A Labaran Jarunta Da Aljanu

Ranar nan ina karanta wa ɗalibaina na aji biyar labarin Ali Baba, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ni ban ga abin da Ali Baba ya yi ba, me ya sa labarin ke ɗauke da sunansa?" Na yi shiru, don yarinyar ta fi ni gaskiya. Tambayar nan tata ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin mu duba yadda ake raba iko tsakanin maza da mata a irin waɗannan labarai.

Mai karatu ya tuna cewa Ali Baba tsintuwa kawai ya yi. Kuyanga Murjanatu ce ta ga alamar da ɓarayi suka sa a ƙofa, ta bi ƙofofin maƙwabta ta sa irinta. Ita ta gano mutane ɓoye cikin tuluna, ta tafasa mai ta hallaka su, kuma ita ta soke shugabansu da wuƙa tana cikin rawa. To, mene ne ladanta? An 'yanta ta, an aurar da ita ga ɗan gidan. Dukiyar kogo da sunan labari kuwa suka zauna wurin maigida.

Haka abin yake ga uwar labaran Dare Dubu Da Ɗaya. Sarki Shaharyar na da takobi da hauni, yana auren budurwa da dare ya sa a kashe ta da safe, ba wani namiji a fadarsa da ya iya tanka masa, har waziri. Shaharzada, 'yar wazirin, ita ta miƙa wuyanta, ba ta da makami sai karatu da iya magana, ta ceci 'yan matan ƙasa baki ɗaya. Amma a ƙarshe iyakar abin da ta samu shi ne a bar ta da ranta, ta ci gaba da zama matar wanda ya yi kisan.

A nan ne nake so mu waiwayi Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937. A littafi na farko aikin Shaharzada aka ba aku: ya riƙa jan hankalin Musa da labari bayan labari har gari ya waye, don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. Da gaskiya ta bayyana, sai aka naɗa aku waziri. Ashe fasahar da ta kai tsuntsu ga sarauta, mace rai kawai ta saya mata.

Wani abin lura kuma shi ne sunan da ake ba wayon mace. In ta yi shi don amfanin maigida, a kira shi hikima. In ta yi don kanta, a ce makirci, sai ta zama mayya ko matsafiya, kamar sarauniyar nan da ta mayar da mijinta rabinsa dutse. A Ganɗoki na Bello Kagara kuwa, na 1934, jarumi ne ke ratsa ƙasashen aljanu da takobi, 'ya'yan sarakuna mata kuwa suna cikin abin da yake samu in ya ci nasara.

Wani zai ce ai zamanin ne ya zo da haka, bai kamata a auna mutanen jiya da mudun yau ba. Na yarda, kuma ba na rage wa magabatan nan darajarsu ko ƙwayar zarra. Sai dai uzurin bai rufe mu ba. Tarihinmu ya san Daurama da Amina ta Zazzau, ya san Nana Asma'u 'yar Shehu da 'yan tarunta. Ga shi kuma tun daga shekarun 1980 mata irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa sun nuna cewa mace na iya ɗaukar littafi tun daga farko har ƙarshe. Abin mamaki, marubucin da ya iya ƙago doki mai fiffike da birni a ƙarƙashin teku, shi ne ya kasa ƙago gimbiyar da ke da wata bukata ban da jiran mai ceto.

Maganin ba shi ne a miƙa wa mace takobi ta sare kai dubu ba, don wannan Ganɗoki ne aka ɗaura wa zane. Shawarata ga sababbin marubuta ita ce, kowace mace ka sa a labari, ka tambayi kanka abu uku. Me take so don kanta? Wace shawara ta yanke wadda ta juya labarin? In an cire ta aka sa zoben sihiri a gurbinta, labarin zai rushe? In ba zai rushe ba, to kaya ka rubuta, ba mutum ba.

Ɗalibar nan tawa dai na ba ta aikin gida, ta sake rubuta labarin da bakin Murjanatu. Ina fata wani daga cikin 'yan ƙungiya zai riga ta.