A tambayi laka kafin a yarda da kwamfuta

Wanda ya taɓa leƙa sabuwar rijiya a fadamun Danja ya san ƙasa hawa-hawa take: baƙar laka, sai yashi, sai marmara. Mai haƙa yana duba ta ne don ya san inda ruwa yake. Masu binciken yanayin dā ma ita suke dubawa, amma su shekaru suke ƙirgawa.

Abin da ke damuna shi ne yadda matasanmu masu nazarin yanayi suka raja'a a kan lissafin kwamfuta kaɗai. A sauke taswira daga intanet, a ce ga yadda damina za ta kasance nan da shekara 50, shi ke nan. Wa ya gwada wannan lissafin?

An gwada shi, kuma ya sha kashi a wajenmu. Shekara 6,000 da suka wuce Sahara tana da ciyawa da tafkuna. Tafkin Cadi ya taɓa kai kusan murabba'in kilomita 350,000, kuma tudun yashin da ya bi ta Bama da Maiduguri tsohuwar gaɓarsa ce. Kwalekwalen da aka gano a Dufuna ta jihar Yobe a 1987 ya kai shekara 8,000. Ƙurar furannin da ke kwance a lakar tafkin Tilla kusa da Biu, da ta tafkin Yoa a arewacin Cadi, duk shaida ɗaya suka bayar. Amma da aka sa manyan kwamfutocin duniya su maido da wannan zamani, yawancinsu sun kasa kai ruwan sama arewa yadda laka ta nuna. Sai da aka riƙa sa musu tasirin tsirrai da raguwar ƙura suka fara matsowa.

Lissafin da ya rage wa jiya ruwa, ta yaya zan miƙa masa gobe ido rufe? Har yau wasu na cewa yankin Sahel zai ƙara samun ruwa, wasu na cewa zai bushe, alhali mai tumatir da mai rake a Danja, wanda mahaifinsa ya sha farin 1973 da na 1984, yana so ya san ko rijiyarsa za ta riƙe.

Ban ce a jefar da kwamfuta ba, ba ta da madadi wajen hangen gaba. So nake ɗalibanmu na Zariya da Katsina su ɗauki bututun haƙa su shiga tsofaffin tafkuna da fadamun Funtuwa da Malumfashi, su ciro laka, a auna shekarunta, a ajiye ta gefen abin da na'ura ta faɗa.