Sharhi a kan Littafin Abner Cohen Game da Hausawan Sabo

Hausawa kan ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma duk wanda ya shiga zangon Hausawa a Kurmi ko a Gwanja zai tarar da mutanen da suka bar gida tun da daɗewa, gida kuwa bai bar su ba. Harshensu da tufafinsu da aurensu duk na Arewa ne. To, mene ne ke riƙe da su haka? Wannan ita ce tambayar da Abner Cohen ya so ya amsa cikin littafinsa mai suna Custom and Politics in Urban Africa, wanda aka buga a London a 1969. Cohen haifaffen Bagadaza ne, ya kuwa yi shekaru yana koyarwa a makarantar SOAS ta Jami'ar London.

Littafin yana magana ne a kan Sabo, watau unguwar Hausawa ta birnin Badun, wadda aka kafa a 1916. Cohen ya zauna da mutanenta a 1962 da 1963, sa'ad da yawansu ya ɗan haura 4,000. Sana'arsu babba ita ce fataucin shanu da goro. Shanu su zo daga Arewa, goro ya tafi can, dukansu biyu kuwa ba su jimre jira. Saniya in ta daɗe a Kurmi ƙudan tsando ya kashe ta, goro in ba a kula da shi ba ya lalace. Sa'an nan mahautan Yarabawa bashi suke karɓar shanu. Saboda haka falke ba ya iya ciniki sai da mai gida, wanda zai saukar da shi, ya ajiye masa kuɗi, ya sa dillalansa su sayar, ya kuma lamunce masa bashin. Jarin mai gida amana ce, amana kuwa tana bukatar jama'ar da ta san juna, mai iya hora wanda ya ci ta.

A nan ne Cohen ya kafa hujjarsa. A ganinsa, ba begen gida ne ya sa mutanen Sabo suka ƙanƙame al'adarsu ba, ita ce garkuwar kasuwarsu. A zamanin mulkin En'e Turawa sun tsaya wa Sarkin Hausawa. Da siyasar jam'iyyu ta zo, wannan goyon baya ya janye, Yarabawa kuma da yawa Musulmi ne, har ana jin tsoron bambanci ya shafe. Sai ga shi a farkon shekarun 1950 galibin mazan unguwar sun shiga ɗarikar Tijjaniyya, a 1952 kuma suka daina zuwa babban masallacin gari, suka tsai da Jumma'arsu a Sabo. Cohen ya ce ta wannan hanya jama'a ta sake ɗaure kanta, malamai suka riƙe abin da sarauta ta saki.

Lalle wannan bayani yana da ƙarfi, kuma babin da ya yi a kan mai gida da dillali shi ne mafi kyau cikin littafin. Ya nuna al'adar baƙi ba ajiya ba ce da ake kulle wa cikin akwati, aba ce da ake sāke wa siffa gwargwadon bukata. Har ya nuna wani Bahaushen Sabo ya fi na Kano tsanantawa a kan Hausanci.

Amma akwai wurare biyu da hujjar ta yi rauni. Na fari, Tijjaniyyar Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha ba a Badun kaɗai ta yaɗu ba. Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya sadu da Shehun a aikin hajji na 1937, daga baya ɗarikar ta bunƙasa a Kano, inda babu mahaucin Bayarabe da ake gudun ya ƙwace kasuwa. In kishin ciniki ne ya kawo ta Sabo, me ya kawo ta Kano? Mutumin da ke zaman wazifa kowace rana neman lahira yake yi, ko da ɗarikar ta amfani kasuwarsa. Cohen ya auna amfanin ibada, bai auna nauyinta a zuciyar mai yin ta ba.

Na biyu, littafin ya fi duban iyakar da ke tsakanin Bahaushe da Bayarabe, bai tsaya sosai a kan garin da kowa ya fito ba. Alhali a zango akan kira mutum da sunan garinsu, a ce wane Bakatsine, wane Bazazzagi. Paul Lovejoy, cikin littafinsa Caravans of Kola na 1980, ya nuna yadda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe asalinsu a kan hanyar Gwanja tun kafin zuwan Turawa. Ashe Hausanci na zango rumfa ce babba, a ƙarƙashinta kuwa akwai ƙananan rumfuna da Cohen ya wuce su da sauri.

Duk da haka ra'ayinsa ya yi tafiya mai nisa. Shi da kansa ya gwada shi a London, cikin littafinsa Masquerade Politics na 1993, a kan bikin Notting Hill na mutanen tsibiran Karebiyan. Can ma ya tarar da kiɗa da rawa na gida sun zama abin haɗa kan baƙi da neman haƙƙinsu. Ya rasu a 2001.

Ɗalibin Hausa zai ƙaru da wannan littafi ƙwarai, musamman wajen gane nauyin kalmomi irin su mai gida, dillali, lamuni da la'ada. Sai dai ya karanta shi yana tuna cewa mutum yakan riƙe al'adar iyayensa don tana ciyad da shi, yakan kuma riƙe ta don ita ce ya gada. Cohen ya bayyana dalili na fari sarai, na biyun kuwa ya rage ga mai karatu ya nema a bakin mutanen zango da kansu.