Hausar da Wakanda ta yar a hanya

Ina aji biyu na sakandare wani yayana ya dawo gida Hayin Banki da damin littattafan zane na gwanjo, irin waɗanda ake bazawa a ƙasa a bakin kasuwa. Yawancinsu babu bango, wasu kuma labarin ya yanke a tsakiya. A cikinsu na fara haɗuwa da Black Panther. Sai da shekaru suka ja, intanet ya shigo hannu, sannan na karanta jerin da Christopher Priest ya fara rubutawa a 1998 tun daga farkonsa, kuma a nan na ci karo da abin da ya sa na miƙe zaune: 'yan matan da ke gadin sarkin Wakanda, waɗanda ake kira Dora Milaje, da sarki kaɗai suke magana, kuma da Hausa.

Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙirƙiro Black Panther a 1966, amma Priest, baƙar fata Ba'amurke, shi ya mayar da shi sarki na sosai, mai fada da dogarai da makircin siyasa. Shi ya kawo Okoye da Nakia. Dalilin Hausar, a cikin labarin, shi ne sirri: harshe ne da ba kowa ke ji ba a Wakanda, don haka sarki da masu gadinsa za su iya magana a bainar jama'a ba wanda ya gane. Na yi ta yi wa abokaina burga da wannan, har suka gaji da ni.

Da na girma na sake dubawa, sai murnar ta ragu. Al'adar irin waɗannan littattafai ita ce, in mutum yana wani yare, a rubuta maganarsa da Turanci a saka ta cikin 'yan alamomi, mai karatu ya ɗauka cewa fassara ce. To haka Hausar Okoye take. Sunan harshen ne kawai a shafi. Da za a goge shi a rubuta Wolof ko Fulatanci, babu abin da zai motsa a labarin. Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan: gurbi ne da aka cike da suna na wucin gadi kafin ainihin abin ya zo, sai dai a nan bai zo ba. Ga kuma matsayin 'yan matan. A wurin Priest, Dora Milaje matan sarki ne masu jiran gado, ana zaɓo su daga ƙabilun da ba sa ga maciji da juna domin a zauna lafiya, kuma yara ne ƙanana. Nakia ma son sarkin ne ya haukata ta har ta koma muguwa mai suna Malice. Wato harshen da miliyoyin mutane ke ciniki da wa'azi da faɗa da shi daga Kano zuwa Kumasi, an ɗauko shi an mai da shi harshen raɗa tsakanin namiji ɗaya da 'yan matan da aka hana su magana da kowa.

Shi ya sa da fim ɗin Ryan Coogler ya fito a 2018, ban iya yin fushin da na shirya yi ba. Ya watsar da zancen matan sarki gaba ɗaya, kuma ya kyauta. Okoye ta Danai Gurira janar ce, tana da ra'ayi, tana faɗa wa sarki gaskiya, kuma wurin da ya fi taɓa ni a fim ɗin nata ne: lokacin da Killmonger ya hau gadon mulki, ta zaɓi ta tsaya da karagar ko da zuciyarta na wani wuri. Duk wanda ya taso kusa da masarauta ya san wannan dogarin. Nakia ta Lupita Nyong'o kuma ta zama 'yar leƙen asiri da ke ganin laifi ne Wakanda ta rufe ƙofa maƙwabta na mutuwa. A nan fim ya fi littafi nesa ba kusa ba, kuma masoyin littafin da ya ƙi yarda da haka son zuciya yake.

Harshen fada kuwa ya koma Xhosa na Afirka ta Kudu. Wannan ma ba shawarar wani kwamiti ba ce. John Kani, dattijon da ya fito a matsayin Sarki T'Chaka a Captain America: Civil War a 2016, harshen uwarsa ke nan, shi ya shigo da shi, Chadwick Boseman ya koya daga wurinsa. Abin lura ne: Xhosa ta shiga ne saboda akwai mai ita a cikin ɗakin da ake aikin. Hausa ta fita saboda babu.

Da a nan aka tsaya, da ban rubuta wannan ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne yadda Arewa ta dawo cikin fim ɗin ta ƙofar baya. Faɗan farko da muka ga T'Challa ya yi, a dajin Sambisa aka ce ana yin sa. Dare ne, ga jerin motoci, ga 'yan bindiga, ga mata cikin lulluɓi an cusa su a bayan babbar mota. Shekara huɗu ke nan kacal bayan sace 'yan matan Chibok 276 a watan Afrilun 2014. Kalmar da kunnena ya cafke a wurin, wadda na san ta gida ce, ita ce “wallahi”, kuma daga bakin mai riƙe da bindiga a kan mace ta fito. A littafi harshenmu na fada ne, ko da na raɗa ne. A fim abin da ya yi saura na muryarmu yana bakin ɗan ta'adda.

Zan yi wa wurin adalci, domin ba shirme ba ne. Nakia ta hana T'Challa kashe ɗaya daga cikin 'yan bindigar, ta nuna masa yaro ne, shi ma sato shi aka yi. Wanda ya rubuta wannan ya fahimci wani abu game da yaƙin da jaridun waje da yawa ba su fahimta ba. Kuma T'Challa bai je don ceton kowa ba, ya je ɗauko Nakia ne ta halarci naɗinsa, ceton a kan hanya ya faɗo. Wannan ita ce tambayar fim ɗin baki ɗaya, an dasa ta tun farko: mai ƙarfi da ya ga ana zalunci a maƙwabta, me ke kansa? Sai dai matan da ke cikin motar ba su da suna, ba su da gari. An ce su koma gida, jirgi ya tashi, kiɗa ya ɗauka, kyamara ta bi sarki zuwa Wakanda. Minti kaɗan aka yi da mu, an gama gwada rigar sarki da faratansa, aka wuce. Na kalli wurin da wani abokina ɗan Borno da ke zaune a Kawo, bai ce komai ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Wani zai ce to me ake jira daga Marvel? Gaskiya ne. Mu duba na kusa. Roye Okupe, haifaffen Legas da ya karanta kimiyyar kwamfuta a Amurka kafin ya ajiye aiki ya kama wannan sana'a, ya fitar da Malika: Warrior Queen a 2017. Sarauniya ce mayaƙiya a daular Azzaz, kuma ba sai an yi duba ba kafin a gane Zazzau da Amina. Zanen Chima Kalu yana da kyau, dawakin suna da rai, kuma labarin ya yi ƙarfin halin haɗa ta yaƙi da rundunar daular Ming ta Sin. Na ji daɗinsa, na kuma saya da kuɗina. Amma ina karantawa ina jin kamar an zana gidanmu daga hoton da aka ɗauka a jirgin sama. Ganuwa tana nan, rawani yana nan, amma babu yadda bafade ke faɗuwa gaisuwa, babu kirari, babu habaicin da ke tafiyar da fada. An yi mata gajeren katun a 2019 da muryar Adesua Etomi. Wanda ya samu cikakken shiri a talabijin a 2025 shi ne Iyanu, ɗayan labarin Okupe, wanda ya tsiro daga al'adun Yarabawa, kuma ana jin bambancin: a can yana magana ne daga cikin ɗaki.

Ba laifinsa ba ne. Daga tashar Kawo zuwa Zariya tafiyar kusan awa ɗaya ce, Turunku ma tana nan ƙaramar hukumar Igabi, amma shi da ke Amurka ya riga mu. Kuma ba sadaukai muka rasa ba. Bello Kagara ya ba mu Ganɗoki tun 1934, Ahmadu Ingawa ya ba mu Iliya Ɗan Maiƙarfi, Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Marubutan littattafan yaƙi irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun cika kasuwa da sadaukai da aljanu da takubban tsafi, matasa na karantawa, wasu na sauraro a waya. Duk wannan kayan littafin zane ne da ba a zana ba. Mun tsallake zane mun faɗa fim kai tsaye, shi ya sa in Kannywood ta tashi nuna aljani ko mai tashi sama, sai dariya ta kama mai kallo a inda ya kamata tsoro ya kama shi. A fim, rundunar dawaki dubu kuɗi ce. A takarda, mai zane ne da haƙurinsa. Marvel ta yi fiye da shekara hamsin tana gwada T'Challa a takarda, tana gyara, tana zubarwa, kafin ta zuba masa kuɗin fim.

Kwanan baya na nuna wa ɗan yayata, mai shekara goma sha ɗaya, shafin Priest ɗin a waya, na fassara masa wurin da aka ce da Hausa suke magana. Ya ƙura wa Okoye ido, ya ja hoton ya ƙara girmansa, yana neman kalmar da zai iya karantawa. Da bai samu ba ya ɗago ya ce, “Kawu, to wace iri take yi, ta Kano ko ta Zariya?”