Tarihin Shira: Mun Riƙe Sunan Sarki, Mun Mance Manomi

'Yan'uwa mazauna wannan zango, musamman mu 'yan ƙasar Katagum da neman abinci ya kawo mu nan.

Duk wanda ya saba zama inda ake ba da tarihin ƙasarmu, ko a taron sallah ko a ƴan littattafan da ake rabawa, ya san yadda zancen yake tafiya. Za a ce 'yan'uwa uku ne suka kafa Shira da Tashena da Auyo. Daga nan sai a yi tsalle zuwa jihadi, a kawo Malam Zaki da kafa Katagum, a jero sarakuna, a ce a 1916 aka mai da hedikwata Azare. Shi ke nan, a shafa fatiha.

Wannan tsari yana da amfaninsa, ba na musu. Shi ya adana mana sunaye da nasaba. Amma yana da babban giɓi. Birni ba ya tsayuwa sai da rumbu. To, su wa suka sare dajin? Me suka shuka? Ina suka sami ƙarfen fartanya? Tarihin da muke bayarwa bai ce uffan ba. Kuma mutanen da za su faɗa da bakinsu sun tafi da harshensu, domin Shiranci da Tashenanci da Auyakanci duk sun mutu, ba mai jin su yau. Shaidar da ta rage ita ce ƙasar kanta.

Ita ƙasa kuwa tana magana ga mai lura. Manomin Yana ya san cewa inda ka ga kukoki sun taru a fili, kufai ne. Ya san tsingaron da garma take tonowa, da tsohon dutsen niƙa da ya lotsa, da kashin maƙera, da ɗan dutsen nan mai kaifi da muke kira gatarin aradu, alhali hannun mutum ne ya wasa shi. Irin waɗannan su ne littafin masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa. Suna bin fili da ƙafa, su auna inda kufai yake da inda ruwa yake, su haƙa rami a hankali, su duba wane abu ne a sama, wane ne a ƙasa. Gawayi ko ƙwayar hatsin da ta ƙone su kai ta ɗakin gwaji a ƙiyasta shekarunta.

Dubi abin da wannan hanya ta fito da shi kusa da mu. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale, aka auna aka ga ya kai kimanin shekara 8,000. A Gajiganna ta Borno, masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus da ta Maiduguri sun sami shatin gero a jikin tsingaro, gero na noma ba na daji ba, wanda ya haura shekara 3,000. A Birnin Kudu akwai zanen shanu a jikin duwatsu, shanu marasa tozo, ba irin waɗanda muke kiwo yau ba. Mu ma a duwatsun Shira akwai zane, har gwamnatin tarayya ta sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa. Kada dai a ɗauki shekarun Gajiganna a liƙa wa Shira, kowane wuri da nasa awon. Abin da suke nunawa shi ne noma da kiwo a wannan yanki sun daɗe ƙwarai kafin duk wani sarkin da muke iya ambata.

Su ma masu binciken suna da nasu laifin. An yi aiki har na digirin digirgir a Ingila kan kufan ƙasar Shira, amma da Turanci yake. Manomin da aka haƙa gonarsa, da dattijon da ya nuna hanya, wa zai karanta musu? Ilimin da bai koma wa masu ƙasa ba, kamar hatsi ne a rumbun da aka jefar da mabuɗinsa. Ko shafi ashirin ne a yi da Hausa, a karanta a rediyo, a kai makarantun Yana da Azare.

Wasu kuma daga cikinmu sukan ce waɗannan kayan jahiliyya ne, ina ruwan Musulmi da su. A nan sai mu yi hattara. Ba wanda ya ce a girmama dutse ko a nemi tabarruki da zane. Amma Alƙur'ani a wurare da dama ya umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Ta yaya za ka duba abin da ka riga ka farfasa ka sayar wa mai tifa?

Wannan ita ce maganar da ta shafe mu kai tsaye. Mu 'yan zango mu ne masu aika kuɗin gini gida. Ƙasar bulo da tsakuwar da ake zuba mana, mun taɓa tambayar daga ina aka ɗebo? Tudun kufai in an kwashe shi, ya tafi ke nan, ba a sake dasa shi. Sunan sarki ana iya rubuta shi sau dubu, amma ramin da aka hautsina ba ya sake ba da labari.

Saboda haka in za ka aika kuɗi, haɗa da saƙo: kada a ɗebi ƙasa a kufai. In yaro ya tsinci wani abu a gona, a ɗauki hotonsa a inda yake, a sanar da mai unguwa. Mu kuma da muke ba da tarihi, mu fara daga gona kafin mu isa fada.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya sa albarka a damina. Wassalam.