MATACCEN TAIMAKO: SHARHI A KAN LITTAFIN WATA 'YAR ZAMBIYA

Yau sharhi zan yi maka a kan wani littafi da ya tayar da ƙura a shekarar 2009, mai suna Dead Aid, wato Mataccen Taimako. Wadda ta rubuta shi sunanta Dambisa Moyo, 'yar ƙasar Zambiya, masaniyar tattalin arziki da ta taɓa aiki a Bankin Duniya da kuma bankin Goldman Sachs. Sau biyu na karanta shi. Karon farko na yi ta gyaɗa kai ina cewa gaskiyarta, a karo na biyu kuwa sai na riƙe haɓa.

Ga abin da take cewa a taƙaice. A cikin shekaru kamar 50, ƙasashe masu arziki sun zubo wa Afirka fiye da dala tiriliyan 1 da sunan taimako, amma talauci yana nan daram. A ganinta taimakon ne ma ciwon, domin gwamnatin da ake cika wa aljihu daga waje ba ta da buƙatar harajin talaka, saboda haka ba ta jin tsoronsa. Maganin da ta kawo shi ne a ba shugabannin Afirka wa'adin shekara 5 a rufe famfon, su je kasuwar duniya su ci bashi, su jawo masu zuba jari musamman 'yan Sin, su buɗe ciniki, a kuma riƙa ba ƙananan 'yan kasuwa rance.

To jama'a, inda ta yi gaskiya dole a faɗa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mu nan Kano ba mu da ƙarancin masu kyauta. Duk azumi ana dafa abinci ana rabawa, ana fitar da zakka, amma layin masu karɓa kullum ƙara tsawo yake. Dattijon da ya yi aiki a masaƙun Bompai ko Sharada ko Chalawa zai gaya maka cewa albashin wata ya fi masa kwanon shinkafar sadaka daraja, don da shi ya yi aure ya sa yara a makaranta. Haka a Kaduna, inda aka buɗe masaƙar KTL tun 1957, aka kuma rufe ta UNTL a 2007. Rashin wuta da atamfar fasa-ƙwauri ne suka durƙusar da su, kuma babu sadakar da ta maye gurbin wannan albashi.

Ta kuma yi daidai da ta ce mu da kanmu muke tare wa mai jari ƙofa. A 1972 da 1977 gwamnatin soja ta kafa dokar da ta tilasta wa baƙi sayar da hannun jarinsu ga 'yan ƙasa, ba a kawar da ita gaba ɗaya ba sai 1995. Da aka ba kamfanonin wayar salula lasisi a 2001, dubi yawan samarin da suka samu abin yi, daga mai sayar da kati har mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre. Amma mai jari kamar baƙon ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kafin ya sauke kaya sai ya tambayi yadda zai fita da kuɗinsa. A 2022 kamfanin jiragen Emirates ya dakatar da zuwa Nijeriya saboda kuɗinsa sun maƙale babu dala, bai dawo ba sai 2024. A 2023 kamfanonin GSK da Procter & Gamble suka sanar da sauya yadda suke aiki a ƙasar, na biyun ya daina sarrafa kaya a nan.

Yanzu kuma ga inda na rabu da ita.

Na farko, ta ce ba da agajin gaggawa ko sadaka take faɗa ba, da kuɗin gwamnati zuwa gwamnati take. Amma misalin da ya fi shahara a littafin na sadaka ne: wani mai ɗinka gidan sauro da ma'aikata 10, wanda kasuwarsa ta mutu saboda wani tauraron fim ya sa an aiko da gidan sauro dubu 100 kyauta. Labarin ƙirƙira ne, ba ta nuna mana mutumin ba. Binciken da aka buga a mujallar Nature a 2015 kuwa ya ƙiyasta cewa an kauce wa kamuwa da zazzaɓin cizon sauro sau miliyan 663 a Afirka daga 2000 zuwa 2015, kuma kusan kashi biyu cikin uku albarkacin gidan sauro ne. Uwar da ɗanta ya tsira, yaya za ka ce mata taimakon matacce ne? Gyaran ai mai sauƙi ne, a sayi kayan a gida, kamar yadda ake saƙa gidan sauro a Arusha ta Tanzaniya.

Na biyu, bashin kasuwa da ta yaba, kallon kitse ta yi wa rogo. Ƙasarta Zambiya ta ciwo dala miliyan 750 a 2012, ta ƙara ciwowa, a watan Nuwamba 2020 ta kasa biya. Ghana ma ta dakatar da biya a Disamba 2022. Shugaban da ya cinye kuɗin kyauta, me zai hana shi cinye na bashi? Bambancin kawai shi ne wannan karon talaka zai biya har da ruwa.

Na uku, rufe famfon da ta nema mun ga samfurinsa. A Janairu 2025 Shugaba Trump ya dakatar da tallafin Amurka, zuwa Yuli aka rufe hukumar USAID. Abin da ya biyo baya a Arewa maso Gabas shi ne rufe wasu cibiyoyin kula da yara masu tamowa. Masu jari ba su yi tururuwa sun cike gurbin ba, domin mai jari riba yake bi, kuma babu riba a wajen yaron da yunwa ta kwantar.

Hukuncina ke nan: baiwar Allah nan ta gane ciwon, amma ta yi gaggawa wajen rubuta magani. Littafin ya cancanci karatu, musamman ga masu riƙe da mulki. Mai kyauta kada ya janye hannu, sai dai ya yi tunani, keken ɗinki ko injin markaɗe ga bazawara ɗaya ya fi mudu-mudu ga mutum ɗari. Hukuma kuma ta gyara wuta, ta gyara kotu, ta tsare hanya, ta daina sauya doka kowace safiya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu shugabanni masu tausayin talaka. Wassalam.