Tsakanin "Malam" da "Kai": Sharhi a Kan Ma'aunin Ladabin Kira a Samaru da Sabon Garin Zariya

Tun daga shekarar 1960, lokacin da Roger Brown da Albert Gilman suka buga maƙalarsu a kan wakilan suna na iko da na zumunta, mai nazarin yadda mutane ke kiran juna a wani harshe yakan fara ne da neman kishiyoyi biyu irin na Faransanci, watau tu da vous. Ra'ayinsu shi ne babba yakan kira na ƙasa da shi da wakilin suna tilo, shi kuwa a mayar masa da jam'i, tsara kuma su yi musayar iri ɗaya. Ma'auni ne mai kyau ga harsunan Turai da aka gina shi a kansu. Abin da wannan sharhi yake son nunawa shi ne, idan aka ɗora shi a kan Hausar da ake yi da baƙo da ɗan kasuwa da ƙaramin ma'aikaci a Samaru da Sabon Garin Zariya, yakan auna wurin da ba nan nauyin yake ba.

Lalle akwai ku ta girmamawa a Hausa, don yaro yakan ce wa dattijo guda "kun tashi lafiya?" Amma a dubi gaisuwar fada. "Ranka ya daɗe" da "Allah ya ba ka nasara" duk tilo ne, ba kuwa wanda ya taɓa cewa an raina Sarkin Zazzau da su. Sa'an nan a dubi ɗaya gefen. Magidanci yakan tsayar da yarinya guda mai tallar gyaɗa ya ce "'Yammata, nawa-nawa?", ko ya ce wa saurayi guda "Samari, ina hanyar tasha?" Ga tilo ya hau har kan karaga, ga kuma jam'i ya gangaro kan 'yar talla. Ma'aunin da ya ce jam'i sama yake nufa ba shi da inda zai ajiye waɗannan misalai.

In ana neman abin da ke yi wa Bahaushe aikin da vous ke yi wa Bafaranshe, to, a nemi wakilin sunan nan da ba ya nuna kowa, watau a, an, aka, ake. A teburin mai shayi a bakin titin Samaru, akwai nisa mai yawa tsakanin "ba ni shayi" da "a ba ni shayi", da kuma "a ɗan taimaka mini da shayi". Haka nan "an wuni lafiya?" da "yaya aka ji da sanyi?" Mai magana ya kauce wa nuna mutum da baki, kamar yadda ake kauce wa nuna shi da yatsa. Wannan kaucewa 'yar'uwar alkunyar nan ce da ke hana mace faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari. Don haka ma al'adar gidajen abinci na Amurka, inda ma'aikaci kan gabatar da kansa da sunan yanka don a saki jiki, ba ta da gurbi a nan. Kiran babban mutum da tsurar sunansa, a wurin Bahaushe, ko dai shaƙuwa ce ko kuwa nuna fifiko.

Sai dai mafi yawan nauyin yana kan kalmar da aka buɗe magana da ita, kuma a nan ne garuruwan biyu suke da abin koyarwa. Sabon Gari ya kafu ne wajen shekarar 1911, da isowar layin dogo, domin ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa da suka zo daga kudu. Samaru kuwa ta tashi ne a jikin tashar binciken aikin gona da aka buɗe a 1922, ta bunƙasa da kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A cikin birni, mutum ya san ɗan gidan wane ne yake magana da shi, ya san sarautar gidan da sana'arsa. A Samaru da Sabon Gari kuwa, sau da yawa ba abin da ya sani game da shi sai rigar jikinsa da aikin hannunsa. Dole ya zaɓi kalma a cikin daƙiƙa guda, zaɓin nan kuma hukunci ne a kan matsayin wanda ake kira.

M. G. Smith, wanda ya yi bincikensa a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950, ya nuna a maƙalarsa ta 1959 yadda sana'a ke yanke wa namiji matsayi a tsakanin Hausawa, ya kuma sa mahauta da makaɗa da barori da 'yan dako a matakin ƙasa. Abin da tsarin nasa bai tsaya a kai ba, don ba shi ne gabansa ba, shi ne dabarar da harshen ya tanada ta rufe wannan tazara idan an haɗu ido da ido. Akwai sunan ambato, akwai sunan kira. Ana cewa "ɗan dako", "ɗan ga-ruwa", "karen mota" idan ana ba da labari, amma mai ladabi ba ya fuskantar mutum da su. In zai kira shi sai ya koma ga mai: Mai-ruwa, Mai-nama, Mai-nono, Mai-gyara. A lura, mai ɗin nan shi ne dai na Maigida da Maiunguwa da Maigari. Yana mallaka wa mutum abin da ke hannunsa, ya mai da shi ubangijin sana'arsa, ko da garwa biyu ce jarinsa. Ɗan kuwa jefa shi yake yi cikin wani rukuni. Duk nazarin da ya tattara waɗannan kalmomi a jeri ɗaya da sunan "laƙabin sana'a" ya zubar da bambancin da ya fi kowanne amfani.

Kalmar Malam ita ce ta fi ɗaukar kaya. Asalinta mu'allim ce ta Larabci, mai koyarwa, amma ta daɗe da zama rigar da ake yafa wa duk namijin da ba a sani ba, kamar yadda Malama da Baiwar Allah suke ga mace. Kyauta ce mai arha, wadda ke ɗaukar baƙo a kan mai sani ne har sai ya nuna akasin haka. A Samaru kuwa wani abin mamaki ya same ta. Garin da malanta ce sana'arsa, a nan ne masu koyarwa suka yi ta hawa zuwa Dakta da Farfesa, har ya zama ana iya ɓata wa wani rai in an ce masa Malam, suka bar kalmar ga mai gadi da masinja da mai shara. Ba asara ba ce ga waɗannan. Aminu Kano ya rasu a 1983 yana amsa Malam, bai kuwa ragu da kome ba. Asarar tana wurin da ko Malam ɗin ba ta samuwa, inda yaro da boyi, gadon gidajen Turawan mulki, suke kan bakin mutum yana kiran wanda ya haife shi. Yaro a Hausa tana nufin mai ƙarancin shekaru, tana kuma nufin bara, mai furfura kuwa ya san wadda ake nufi da shi.

A kasuwar Sabon Gari abin ya juya, don a nan mai sayarwa ne ke rabon muƙami. Duk mai babbar riga Alhaji ne, duk mai mayafi mai tsada Hajiya ce. Wannan ya bi bayan arzikin man fetur na shekarun 1970, lokacin da alhazan Nijeriya suka haura dubu ɗari a 1977, kalmar ta tashi daga shaidar sauke farali ta koma shaidar abin hannu. Oga ta shigo daga Yarabanci, Madam daga Ingilishi. Wadda ta fi ban sha'awa ita ce kwastoma, domin mai saye da mai sayarwa duk suna kiran juna da ita, abin da Ingilishin da aka aro ta daga gare shi bai yarda da shi ba. Ita kaɗai ce a kasuwar ba ta da sama ba ta da ƙasa. Ko ƙin tayi ma da addu'a ake yin sa: albarka.

Saura Aboki. A ƙamus kalma ce ta zumunta tsantsa, kuma da ma'aunin Brown da Gilman a nan za a ajiye ta. Amma Bahaushe ba ya kiran baƙo da ita haka tsurarta, sai ya ce "abokina" ko "ɗan'uwa". Aboki tsurara daga bakin waɗanda Hausa ba harshensu ba ce ta fito, ta zama sunan duk ɗan Arewa mai tura baro ko gyaran takalmi ko gadi, a Legas da Fatakwal ta kai ga zama gori. A Sabon Gari, inda ɗan kasuwa Ibo ko Bayarabe kan ji Hausa kamar jakin Kano, da yawansu sun san wannan, shi ya sa za ka ji sun ce Malam ko Maigida. Ma'anar kalmar ba ta sauya ba, wanda ke faɗinta da wanda ake faɗa wa su ne suka sauya.

Mai son gwada duk wannan ya shiga motar haya daga Samaru, ta bi ta Palladan da Kwangila zuwa Sabon Gari, ya kasa kunne. Kwandasta zai ce Baba, ya ce Hajiya, ya ce Malam, ya ce ɗalibi, kowa da tasa, kuma ba safai yake kuskure ba. Sa'an nan a ƙirga fasinja nawa ne suka mayar masa da wani abin da ya wuce "kai".